Kwaɗo mai fito: yadda mutanen wani gari a Gana suka kiyaye rafinsu

A yawancin ƙauyukanmu ba wanda ya ɗauki kwaɗo a bakin komai. Yara suna jifansa, mata suna share shi daga gindin randa, da damina kuwa kukansa yakan hana mu barci. Saboda haka idan muka ce akwai mutanen da suka keɓe ƙasar kakanninsu domin kwaɗo, wani zai yi dariya. Amma haka aka yi a ƙasar Gana a shekara ta 2018, kuma waɗanda suka yi manoma ne kamarmu, masu sanin darajar gona.

A wannan fitowa muna so mu bayyana wane irin kwaɗo ne wannan, abin da ya kusa ƙarar da shi daga duniya, da yadda aka yi aka tare masifar. Za ku ga cewa labarinsa ba ya rabuwa da labarin ruwan sha. Duk abin da yake kashe wannan kwaɗo, shi ne yake kashe rafin da mutane suke ɗiba.

Wane irin kwaɗo ne?

A kan iyakar Gana da Togo akwai jerin duwatsu masu kurmi. Ana samun ruwan sama sosai a wurin, da hazo da sanyi, kuma ƙananan rafuka suna gangarowa daga kan duwatsun da gudu. A cikin waɗannan rafuka ne kwaɗon yake zaune. Masana suna kiransa Conraua derooi. A harshen yau da kullum kuma ana ce masa kwaɗo mai santsi na Togo, domin jikinsa yana da santsi ƙwarai, da wuya a riƙe shi a hannu.

Tsawon jikinsa kamar santimita 8 ne, wato zai cika tafin hannun babban mutum. Bayansa duhu ne kamar dutsen da ya jiƙe. Idanunsa manya ne sun fito waje, ƙafafunsa na baya dogaye ne masu ƙarfi, da fata tsakanin yatsu kamar na agwagwa. Da dare yakan yi kuka mai kama da fito, shi ya sa wasu suke ce masa kwaɗo mai fito. Ɗan'uwa ne ga kwaɗon da ya fi kowane girma a duniya, wanda ake kira Goliyat. Wannan yana zaune a Kamaru da Ikwatoriyal Gini, kuma nauyinsa yakan wuce kilo 3.

Abin da ya kamata mu riƙe shi ne wannan: kwaɗon da muka saba gani a gida yana iya zama kusan ko'ina, a kududdufi, a lambatu, a ƙarƙashin turmi. Wannan kuwa ba haka yake ba. Ba ya barin ruwa. A rafi yake ci, a rafi yake ɓuya, a rafi yake yin ƙwai, a nan kuma talibambam ɗinsa suke girma. Ba kowane rafi ba kuma, sai mai gudu, mai sanyi, mai tsabta, wanda yake ƙarƙashin inuwar itatuwa. Idan rafin ya lalace, ba shi da wani wurin zuwa.

Ya ɓace, aka sake ganinsa

Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Hulselmans ne ya fara rubuta bayaninsa a shekara ta 1972, daga kwaɗin da aka samo a kurmin Misahohe kusa da garin Kpalime a Togo. Ya sa masa sunan De Roo, wani masanin tsuntsaye ɗan ƙasarsu. Mutanen wurin dai sun san kwaɗon tun kaka da kakanni, har suna cinsa.

Bayan haka aka yi fiye da shekara 20 babu wani mai bincike da ya sake ganinsa, har aka soma tsoron ko ya ƙare. Sai tsakanin 2005 da 2007 masu bincike suka bi rafukan duwatsun da dare da tocila, suka tarar da shi a 'yan wurare kaɗan. Ɗaya daga cikin wuraren shi ne kewayen garin Amedzofe, a yankin Bolta na Gana.

Akwai wata ƙungiya ta duniya mai suna IUCN wadda take ajiye lissafin halittun da suke cikin haɗarin ƙarewa. Tana jera su hawa hawa, kamar yadda ake raba marasa lafiya a asibiti: akwai wanda ake sa wa ido, akwai wanda aka kwantar, akwai kuma wanda yake rai a hannun Allah. Tun 2004 ta sa wannan kwaɗo a hawa na ƙarshe, wato haɗari mai tsanani. Daga nan sai ƙarewa. Dabbar da ta ƙare kuwa ta tafi ke nan, babu kuɗi ko ilimin da zai dawo da ita.

Ba shi kaɗai ne a cikin wahala ba. A 2004 masana suka duba dangin kwaɗo na duniya duka, suka ga kusan kashi ɗaya cikin uku suna cikin haɗari. Da suka sake dubawa a 2023, adadin ya kai 41 cikin 100. A cikin dabbobi masu ƙashin baya, babu dangin da ya kai su shiga uku.

Abubuwan da suke kashe shi

Na farko, sare kurmi. Jama'a suna ƙaruwa, ana neman wurin noman koko da kofi da rogo da ayaba, ana neman katako da itacen wuta da gawayi. Sannu a hankali gona tana matsowa har bakin ruwa. Itacen bakin rafi kuwa yana yin aiki uku. Inuwarsa tana sa ruwa ya zauna da sanyi, ruwa mai sanyi da gudu kuma ya fi riƙe iskar da talibambam da kifi suke shaƙa. Saiwoyinsa suna riƙe ƙasa. Ganyayen da suka zuba a gindinsa kuma suna tsotse ruwan sama kamar soso, su riƙa sakinsa kaɗan kaɗan har cikin rani. Idan aka sare itacen, aikin nan uku duka sun tsaya.

Na biyu, laka. Gonar da take kan gangare, idan babu abin da ya rufe ta, ruwan sama yakan kwashe ƙasarta ya zuba a rafi. Lakar takan cika ramukan da suke tsakanin duwatsu, inda kwaɗon yake ɓuya, ta kuma rufe gansakukar da talibambam suke ci. Manomi ya yi hasarar ƙasa mai taki, kwaɗo ya yi hasarar gida, mai ɗiban ruwa kuma ta koma gida da jan ruwa.

Na uku, dauɗa da guba. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki kamar mu. Ta fatarsa ruwa yake shiga jikinsa, ta fatar kuma yake yin wani sashe na numfashinsa. Ƙwansa ma ba shi da ɓawo kamar na kaza, wani abu ne mai yauƙi kawai ya rufe shi. Saboda haka duk abin da ya shiga ruwa ya shiga jikinsa kai tsaye: sabulun wanki, maganin ciyawa, maganin ƙwari, takin zamani da ruwa ya wanko daga gona. Abin da bai isa ya kwantar da mutum nan take ba yana iya hallaka talibambam na rafi guda.

Na huɗu, farauta. Kwaɗon yana da tsoka, kuma nama ne da ba a saye da kuɗi. Ba ma ganin laifin uban da ya fita da dare neman abin da zai sa a miyar 'ya'yansa. Lokacin da kurmi yake da faɗi, mutane kuma ba su da yawa, abin da ake kamawa bai kai abin da ake haifa ba. Amma da kwaɗin suka rage a 'yan rafuka kaɗan, kowane babba da aka kama, musamman mace mai ƙwai, hasara ce babba.

Na biyar, rabuwa. Sauran kwaɗin suna zaune nesa da juna, wannan rafi a nan, wancan a can, da gonaki da hanyoyi a tsakani. Tun da ba sa tafiya a tudu, ba sa haɗuwa. Idan gobarar daji ko guba ta gama da na rafi ɗaya, babu waɗanda za su zo su maye gurbinsu.

Akwai kuma wata cuta da ake wa fargaba. Ana kiranta kitrid, dangin funfuna ce, kuma fatar kwaɗo take kamawa. Wani babban bincike da aka buga a 2019 ya nuna ta rage yawan kwaɗi iri 501 a duniya, ana kuma jin 90 daga cikinsu sun ƙare. A wani binciken da aka buga a 2013, an gwada kwaɗi a ƙasashe bakwai na Afirka ta Yamma, har da Gana, ba a sami cutar ba. Amma an same ta a Kamaru da Najeriya. Wannan ya sa masu bincike suke wanke takalmansu da kayan aikinsu da magani kafin su tashi daga wani rafi zuwa wani. Rigakafi ya fi magani.

Me ya sa za mu damu da kwaɗo?

Wani zai ce, ga yunwa, ga ciwo, ga kuɗin makaranta, ina ruwanmu da kwaɗo? Tambaya ce mai kyau, ga kuma amsarmu.

Da farko, kwaɗo mai gadi ne da ba a biya. Domin fatarsa tana shan duk abin da yake cikin ruwa, shi ne yake fara jin jiki idan ruwa ya soma lalacewa. Rafin da kwaɗi suka yi shiru a cikinsa yana gaya mana wani abu game da ruwan da muke ba 'ya'yanmu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na biyu, kwaɗi ma'aikatan gona ne. Dare duka suna cin ƙwari. Ƙasar Indiya ta taɓa sayar da cinyoyin kwaɗi masu yawan gaske zuwa Turai. A 1987 ta hana wannan ciniki, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne damuwa a kan ƙaruwar ƙwari a gonakin shinkafa da kuɗin da ake kashewa wajen sayen magani. A yankinmu ma ana wannan ciniki. Wani bincike da aka buga a 2010 ya nuna ana kama miliyoyin manyan kwaɗi a arewacin Binin da arewacin Najeriya, a busar da su, a kai kasuwannin kudu maso yammacin Najeriya. Waɗannan ba irin na Togo ba ne, kuma har yanzu suna da yawa. Amma na Togo ma akwai lokacin da yake da yawa.

Na uku, akwai maganar lafiya. A ƙasashen Kosta Rika da Panama, a Amurka ta Tsakiya, cutar kitrid ta kashe kwaɗi da yawa daga shekarun 1980 zuwa shekarun 2000. Wani bincike da aka buga a 2022 ya nuna cewa a gundumomin da kwaɗi suka mutu, zazzaɓin cizon sauro ya ƙaru na wasu shekaru bayan haka. Masu binciken sun danganta wannan da raguwar masu cin sauro da 'ya'yansa. Gidan sauro da magani su ne kariyarmu ta farko, amma wannan ya nuna mana cewa idan aka zare zare ɗaya daga saƙa, ba a san inda za ta warware ba.

Abin da aka yi a Amedzofe

Amedzofe gari ne na mutanen Abatime, a arewa da birnin Ho. Ana lissafta shi garin da ya fi kowane zama a bisa a Gana. 'Yan mishan daga Bremen ta Jamus sun kafa tasha a wurin tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma akwai babban gicciye na ƙarfe a kan dutsen Gemi da yake kallon garin. Ikilisiya tana da ƙarfi a rayuwar mutanen.

Mutumin da ya ja gaba a aikin ceton kwaɗon shi ne Dakta Caleb Ofori-Boateng, wani masanin kwaɗi ɗan Gana, wanda ya kafa ƙungiya mai suna Herp Conservation Ghana. Ya lura cewa bayanin masana da doka daga sama ba za su hana mai neman nama shiga rafi da dare ba. Dole sai mutane da kansu sun yarda. To, ina mutane suke taruwa kowane mako, su zauna su saurara? A majami'a. Ƙidayar 2021 ta nuna kimanin 71 cikin 100 na mutanen Gana Kirista ne.

Saboda haka ya riƙa neman izinin shugabannin ikilisiyoyi, ya tsaya gaban jama'a ya yi magana a kan hakkin da yake kan mutum na kula da halitta, sa'an nan ya kawo maganar kwaɗo da rafi. Wannan hanya ta yi suna har ana kiranta bisharar kiyaye halitta. Mutane da yawa ba su taɓa sanin cewa abin da suke sawa a miya ba a samunsa a ko'ina a duniya sai a duwatsunsu ba. Da suka sani, kwaɗon ya tashi daga nama ya zama abin alfaharin gari.

Amma magana kaɗai ba ta cika ciki, masu aikin kuma sun san haka. Idan ka ce wa mace kada ta yi wanki a rafi, sai ka nuna mata inda za ta yi. Don haka aka samar wa jama'a wata hanyar samun ruwa kusa da gida, domin a rage zuwa rafin da kwaɗon yake. Aka horar da mutanen gari su zama masu gadin kurmi. Aka soma dasa itatuwa a wuraren da aka sare.

A 2018 sarakuna da iyalai masu ƙasa suka keɓe eka 847 na kurmi, wato kimanin hekta 340, aka sa wa wurin suna Onepone. Ƙungiyar Rainforest Trust ta Amurka ta taimaka da kuɗi. Daga baya an ƙara faɗin wurin. Ba kwaɗon kaɗai ya amfana ba, domin akwai ɗankunya, dabbar nan mai ɓawo da take dunƙulewa idan ta ji tsoro, da tsuntsaye da malam buɗe littafi iri iri da suka sami mafaka. An kuma gina wata gada ta igiya a saman itatuwa kusa da inda ruwa yake zubowa daga dutse. Baƙi suna zuwa su biya kuɗi su hau, matasa suna samun aikin yi musu jagora, masu abinci da masauki kuma suna ciniki. A 2019 aka ba Dakta Ofori-Boateng lambar yabo ta Whitley a Landan saboda wannan aiki.

Hausawa suna cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. A Amedzofe, albarkacin kwaɗo ne aka kiyaye kan rafin da gari yake dogara da shi. Duk da haka ba a ce an gama ba. Kwaɗon yana nan a hawan haɗari mai tsanani. Itacen da aka dasa yana ɗaukar shekaru kafin ya yi inuwa, kuma alkawarin da iyaye suka yi sai 'ya'ya sun riƙe shi.

Ɗan'uwansa na kurmin Atewa

Akwai wani kurmi a Gana mai suna Atewa, a yankin Gabas, nesa da duwatsun kan iyakar Togo. A can ma an tarar da kwaɗo mai santsi, aka daɗe ana zaton iri ɗaya ne da na Togo. A 2021 masana suka tabbatar cewa wani iri ne dabam, suka sa masa suna Conraua sagyimase, domin girmama mutanen garin Sagyimase da suka goyi bayan aikin. Wannan ya nuna cewa na Togo ya fi ƙaranci fiye da yadda ake zato, na Atewa kuma ba shi da wani gida sai wannan kurmi.

Haɗarin Atewa ya fi ƙarfin gari ɗaya. A ƙarƙashin kurmin akwai boksait, ƙasar da ake fitar da alminiyom daga cikinta, ƙarfen da ake yin tukwane da kwanon rufi. Ba a haƙo ta sai an kwashe itatuwa da ƙasar sama duka. A gefen kurmin kuma masu haƙar zinariya ba da izini ba sun ɓata rafuka. Daga Atewa ne koguna uku suke tasowa, Densu da Birim da Ayensu, waɗanda mutane kimanin miliyan 5 suke sha, har da wani sashe na Akra, babban birnin ƙasar. A 2020 ƙungiyar A Rocha Ghana, wadda ƙungiyar Kirista ce mai aikin kiyaye halitta, tare da wasu ƙungiyoyi da mutane, ta kai gwamnati kotu domin a hana haƙa a cikin kurmin. Abin da suke roƙo shi ne a mai da Atewa gandun daji na ƙasa. A nan ma, wanda ya tsaya wa kwaɗo ya tsaya wa ruwan sha.

Darussan da muka koya

Na ɗaya, a fara da sauraro da bayani, ba da tsawa ba. Mafarauci ya fi kowa sanin rafi. Idan aka mai da shi abokin gaba, zai ci gaba a ɓoye. Idan aka jawo shi, shi ne zai fi kowa iya gadi.

Na biyu, duk abin da za a hana mutum, a nemi abin da zai maye masa. Hani ba tare da mafita ba ba ya daɗewa.

Na uku, masu ƙasa ne suke yanke shawara. Sarki, dattawa, iyalai, mata masu ɗiban ruwa, da matasa, kowa a ji ta bakinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, wurin da jama'a suke taruwa da yarda yana da ƙarfi. Maganar da aka ji a taron ikilisiya takan bi mutane har gida da gona. Rafi kuwa bai san addini ko ƙabila ba, duk wanda yake zaune a bakinsa yana sha. Don haka aikin kiyaye shi na dukan maƙwabta ne.

Abin da za mu iya yi a wurarenmu

Wannan kwaɗo ba ya zama a rafukanmu, amma rafukanmu suna fama da irin ciwon da nasa yake fama da shi. Ga wasu matakai da ba sa bukatar kuɗi mai yawa:

1. Mu bar itatuwa da ciyawa a gefen rafi biyu. Gari ya yarda a kan taku nawa za a bari ba noma, a kuma sa alama da kowa zai gani.

2. Mu kiyaye idon ruwa, wato inda rafi yake ɓuɓɓugowa. Kada a yi sara, ko ƙuna, ko kiwo a wurin.

3. Inda aka riga aka sare, mu dasa itatuwan da suke son bakin ruwa, kamar malmo, ɓaure, kanya, gora da tukurwa. A dasa da farkon damina, a kuma kare su daga awaki da wuta.

4. Kada mu wanke tankin feshi ko kwalbar magani a rafi. A ɗebi ruwa a kai nesa a wanke a can. Kada a yi feshi idan hadari ya haɗu, ko kusa da bakin ruwa. Kwalbar magani kuma kada a sake zuba ruwa ko mai a ciki.

5. Kada a zuba guba a ruwa don kama kifi. Tana kashe babba da ƙarami, kifin da aka kama kuma cikinmu zai shiga.

6. A ɗebi ruwa a yi wanki da wanka a tudu, domin ƙasa ta tace ruwan sabulu kafin ya koma rafi. A haƙa masai nesa da rafi da rijiya.

7. A gonar gangare, a yi kunya a gicciye, ba daga sama zuwa ƙasa ba. A jera duwatsu ko a dasa ciyawar jema a layi domin ta tare ƙasa.

8. Inda ake kama kwaɗi don ci ko sayarwa, a yarda a kan lokacin hutu, musamman farkon damina sa'ad da suke yin ƙwai, a kuma bar wani sashe na ruwa da ba a taɓawa.

9. Mu koya wa yara su daina kashe kwaɗo don wasa. Malaman makarantar Lahadi da na firamare suna iya kai su bakin ruwa su ga yadda talibambam yake fitar da ƙafa ya zama kwaɗo.

Tambayoyi don tattaunawa

Muna roƙon zumuntar mata, ƙungiyar matasa da dattawa su zauna su duba waɗannan tambayoyi. Zai yi kyau a gayyaci tsofaffin gari, domin su ne suka ga jiya.

1. Yaya rafinmu yake sa'ad da kakanninmu suke yara? A wane wata yake ƙafewa a da, a wane wata yake ƙafewa yanzu?

2. Waɗanne kifaye, kwaɗi, tsuntsaye ko itatuwa ne ake gani a bakinsa a da, waɗanda ba a gani yanzu?

3. Me muke zubawa a cikin ruwan da waɗanda suke ƙasa da mu za su sha? Me waɗanda suke sama da mu suke zubo mana?

4. Akwai dokokin gargajiya da suka taɓa kare kurmi ko idon ruwa a garinmu? Me ya sa aka bar su? Waɗanne ne za su yi amfani yau?

5. Idan muka hana noma ko wanki a bakin rafi, wa zai fi shan wahala? Ta yaya za mu taimake shi?

6. Wane mataki ɗaya ne za mu iya ɗauka kafin damina mai zuwa, kuma wa zai ja gaba?

'Yan'uwa, idan kun yi wannan zama, ku tashi tare ku bi rafin da ƙafa daga idonsa har inda ya bar ƙasar garinku. Ku rubuta abin da kuka gani, ku ajiye. Da farkon damina kuma ku koma da dare ku saurara. Idan kwaɗi suna ta kuka, ku yi godiya. Idan kun ji shiru, kada ku jinkirta.